Ɗan Kwanona a Wurin Ciyayya

Furfura ta riga ta leƙo mini a gemu kafin in riƙe fensir da niyyar rubutu. Karatun allo na yi shi tun ina yaro a Gwaram, amma boko bai same ni ba sai a Birnin Kudu, inda nake sayar da hatsi a kasuwa. Ajin manya muke zuwa bayan la'asar, a wata makarantar firamare, mu zauna a bencin yara gwiwoyinmu suna dungurin tebur. Ni kam tumbina ne yake riga gwiwar isa.

Ba ni da saurin ɗauka, amma ba na gajiya. Abin da wasu suka gane a zama ɗaya, ni sai na kai shi gida na kwana da shi. A haka har na fara haɗa baƙi. Na wayi gari ina karanta rubutun bayan mota da na jikin buhun taki, in tsaya a gaban kowane allon shago kamar wanda aka aika. Duniyar da na daɗe ina wucewa ta gabanta ashe duk magana take yi.

Ana cikin wannan daɗi sai baƙaƙen suka fara yi mini gardama. In na kalli allo sai in ga kamar an shafe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Na ce wa malaminmu allinsa ba shi da kyau, ya canja alli. Na ce to allon ne ya koɗe, ya dawo da ni bencin gaba. Nan ma dai hazo-hazo.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, tare muka taso a Gwaram, yanzu gidansa yana kallon nawa. Acaɓa yake yi. Siriri ne kamar karan dawa, amma yana cin abincin mutum uku, ba a san inda yake kai shi ba. Tun da na shiga makaranta ya raɗa mini suna ɗan aji ɗaya. Da na kai masa kukan allo sai ya ce, “Ɗan aji ɗaya, ba allo ba ne, tsufa ne. Ka bari sai da ido ya gama kallon duniya ya gaji, sannan ka ce ya zo ya yi karatu?”

Maiɗakina ce ba ta yi dariya ba. Ita ta lura randa ba ta kwana da ruwa saboda ni, kuma ba na rabuwa da buta. Ta ce, “Malam, ka je asibiti.” Na ce sai an gama kaka. Ta ce, “Na riga na gaya wa taubashinka, gobe da safe zai kai ka.”

Aka ɗebi jinina, aka auna, aka tura ni wurin malamar asibitin da ke kula da masu irin ciwona. Ba za ta girmi 'yata ta fari ba, amma in tana magana sai ka nutsu kamar gaban alƙali.

Ta ce, “Baba, ciwon suga ne. Hazon da kake gani, sugan ne ya yi yawa a jini. In ya sauka, da yardar Allah ido zai washe. In aka bar shi ya daɗe a sama, a hankali yake cin bayan ido, kuma abin da ya ci ba ya dawo da shi.”

Ta yi maganar ƙafa, ta yi maganar ƙoda, amma ni a kan ido na tsaya. Rabin rayuwata na yi ina miƙa wa mutane takarda su karanta mini. Yanzu da na fara karɓar abina da kaina, a ce kuma fitilar za ta mutu?

Aka ba ni ƙwayar da zan riƙa sha da safe. Ta ce sai na rage nauyi, sai na riƙa tafiya a ƙafa kullum, kuma sai na san abin da nake zuba wa cikina.

Na ce, “Malama, ni mai awo ne. Faɗa mini nawa zan ci.”

Ta ce akwai ma'aunin ƙarfin da ke cikin abinci, kalori ake ce masa, kamar yadda ake auna man babur da lita. Jiki yana ƙona nasa rabo kowace rana, ko mutum yana kwance, in yana aiki ko tafiya ya ƙona fiye da haka. In ka zuba masa abin da ya wuce wanda ya ƙona, sai ya ajiye ragowar. Ta nuna tumbina da bakin biro ta ce, “Ga rumbun nan.”

Ta auna tsayina, ta ɗora ni a sikeli, ta tambayi shekaruna da irin aikina. Na ce aiki mai wahala ne. Ta ce wane iri? Na ce ina zaune a kan buhu daga safe zuwa azahar. Ta yi lissafinta ta faɗi wata lamba. Ba zan rubuta ta a nan ba, don kada wani ya ɗauka ya ɗora wa kansa. Tawa ce, da jikina da maganina aka yanka ta, kamar riga. Ta ce wani mai ciwon, in manomi ne da ke wuni a kunyar gona, tasa za ta fi tawa.

Na ce, “To wannan lamba, kwano nawa ke nan?”

Ta yi murmushi ta ce in dunƙule hannuna. Na dunƙule. Ta ce, “Tuwonka ke nan a zama ɗaya. Ganye kuma, zogale ko rama ko kabeji, ya ninka tuwon. Wake ko kifi ko ƙwai ko nama, cikin tafin hannu. Safe, rana, dare, kada ka tsallake ko ɗaya. Lemon kwalba da kunun zaƙi da shayi mai suga, ku yi sallama. Ragi kaɗan muke nema daga abin da jiki ke ƙonawa, ba rabi ba. A hankali rumbun zai sauka.”

Har na miƙe ta ce, “Kuma ka riƙa yawo da dabino ko ɗan ƙullin suga a aljihu. In ka ji jiki na rawa, gumi na keto maka, ka zauna ka sha.”

Na yi dariya a raina. Yanzu ta raba ni da suga, yanzu kuma ta ce in sa shi a aljihu. Na bar wannan maganar a bakin ƙofar asibiti.

Malamar ta san tuwo, amma ba ta san unguwarmu ba. Mu ciyayya muke yi. Bayan magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa, a jera a tabarma a ƙofar gidan dattijon unguwa, a ja su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu. Ba a tsallake kwano. In ka janye hannu a kan na wani gida, kafin gari ya waye maganar ta shiga cikin gida, matar ta ji an raina girkinta. Ni kuwa ban taɓa raina girkin kowa ba, shaidar tana gabana. Saboda haka na bi dokar malama da gaskiya: dunƙule ɗaya nake ci. Daga kowane kwano.

Tafiyar ƙafa ma ta zo da nata. Mutum mai tumbi da farar riga ba ya tafiya a ƙasa a garinmu sai da dalili. Ranar farko ban yi nisa ba wani ɗan acaɓa ya ja birki. “Alhaji, lafiya? Hau in kai ka.” Ban je Hajji ba tukuna, tumbin ne ya samo mini laƙabin. Na ce motsa jiki nake. Ya dube ni da tausayi ya ce, “Allah ya kawo sauƙi.” Na biyu bai ma tambaya ba, cewa ya yi, “Ko me ya faru, Alhaji, ka yi haƙuri, hau kawai.”

Waɗanda ke zaune a ƙofar gida sun fi 'yan acaɓa haɗari. Ba ka wuce wanda ka sani ba sallama, ni kuma wanda ya taɓa sayen hatsi a Birnin Kudu ya san ni. In ka yi sallama an shimfiɗa tabarma. Kafin ka gama tambayar iyali an aika cikin gida, ga koko ya fito yana tururi, an zuba masa suga don girmama baƙo, ga ƙosai a faranti. Ka ce alhamdulillahi, a ce, “Haba Malam, ko ludayi ɗaya.” Ludayi ɗaya kuwa bai taɓa tafiya shi kaɗai ba.

Da ranar komawa asibiti ta zo na hau sikeli da ƙarfin gwiwa. Sikeli ya ce na ƙaru. Sugan ma yana nan inda yake.

Malamar ta ce, “Baba, tafiyar nan daga ina zuwa ina kake yin ta?”

Taubashina da ya kawo ni yana tsaye a bakin ƙofa. Ya riga ni amsawa: “Daga koko zuwa ƙosai, Malama. Ran Juma'a yakan zarce har waina.”

Ta danne dariyarta. Ni ban samu abin dariya ba, don a bangon ofishin akwai wata takarda mai manyan baƙaƙe, zuwan farko na iya tsintar kalma biyu a jiki, ran nan ko ɗaya ban tsinta ba.

Na dawo gida na yi tunani irin namu. Mu abin da muka sani na rage ci shi ne azumi. Tun ina saurayi nake azumi ina noma a rana, ban faɗi ba. Sai na yanke shawara: ba karin kumallo, ba abincin rana, sai ciyayyar magariba, yadda ba wanda zai ce na raina kwanonsa. Ƙwayar safe kuma in kora ta da ruwa. Tafiya kuwa in bar cikin gari, in bi hanyar gonaki ta wajen Kiyako, inda babu ƙofar gida balle tabarma.

Maiɗakina ta ce, “Malam, ba haka ta ce ba.”

Na ce, “Ragi ta ce. Na rage biyu, na bar ɗaya. Wa ya fi ni biyayya?”

Ta ce, “Ni dai na dama koko babu suga, ga wake na dafa.”

Na ce ta ba yara.

Kwanakin farko nakan ji kaina yana ɗan yawo, sai in ce rumbun ne ya fara zuba. Har na ƙara nisan tafiyar. Wata safiya na wuce duwatsun bayan gari, na shiga tsakanin gonakin dawa, an yi girbi an bar kara a tsaye. Rana ba ta yi zafi ba, amma sai gumi ya keto mini kamar an watsa mini ruwa. Hannuna ya fara rawa. Zuciya tana bugu, gwiwa ta zama ta aro. Na lallaɓa gindin wata ɗorawa na zauna. Na ɗaga kai in kalli karan dawa sai na ga sun narke sun haɗe, gefe-gefen idona yana yin duhu. Na ce shi ke nan, abin da ta faɗa ya zo, idon ya tafi.

Sai ga wata mai fura ta fito daga hanyar rugarsu, ƙwarya a kai, za ta gari. Dattijuwa ce, ta kusa sa'ar yayata. Ta tsaya.

“Malam, lafiya? Gumi haka da sanyin safiya?”

Na ce, “Motsa jiki nake.”

Ta ce, “Ai kuwa yana motsi, har haƙora. Yaushe rabonka da abinci?”

Na ce jiya da magariba. Ba ta ƙara tambaya ba, ta sauke ƙwarya. Ita ba ta san ciwona ba, mai yunwa ta gani a gindin bishiya. Ni kuma a lokacin maganar da na bari a bakin ƙofar asibiti ta biyo ni ta same ni: rawar jiki, gumi, ka zauna ka sha. Na laluba aljihu, ba dabino, ba komai sai carbi da waya.

Na ce, “Inna, kina da suga?”

Ta ce, “Mai fura ba suga?”

Ta kaɗa shi a ruwa ta miƙo. Ludayin ya ƙi tsayawa a hannuna, sai ita ta riƙe mini kamar yaron goye. Abin da na yi makonni ina gudu a cikin gari, shi na zo daji ina roƙo. Jim kaɗan rawar ta lafa, duhun ya ja baya, karan dawa suka rabu da juna, kowane ya koma gurbinsa. Sannan ta dama mini fura, na sha ban yi gardama ba.

Na ciro waya in kira taubashina, hannuna bai gama nutsuwa ba, ƙananan baƙaƙen kuma sun ƙi fitowa. Ita ma ba ta karatu. Na ce ta danna koren sau biyu, shi na kira ƙarshe. Allah ya sa haka ne.

Tun daga nesa na ji kukan babur ɗinsa, bai taɓa gudu irin na ran nan ba. Ya sauka ya dube ni, ya dubi ƙwaryar, ya ce, “Ɗan aji ɗaya, tumbi aka ce ka rage. Wa ya ce ka zo daji ka rage rai?”

Mai fura ta ce, “Ɗan'uwanka ne? Ku riƙa ba shi abinci mana.”

Ya ce, “Inna, wannan? Dube shi da kyau. Ya yi kama da wanda ake hana wa abinci?”

Ya ɗora ni a baya, ya kamo hannuwana ya zagaya su a cikinsa, ya riƙe da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗaya. A hankali muka tafi, kamar ya ɗauko ƙwai. Har muka isa asibiti bai ƙara cewa uffan ba, kuma ban taɓa jin ya yi shiru mai tsawon haka ba.

Malamar ba ta danne wata dariya ba wannan karon, don babu ita. Ta ce, “Baba, sugan da ya hau a hankali yake ɓarna. Wanda ya faɗi ƙasa yana iya kayar da mutum a safiya ɗaya. Ka sha ƙwaya mai sauke shi, ka hana ciki abinci, ka ƙara da doguwar tafiya. Ta hanya uku ka far masa. Lambar da na ba ka ba rufi ba ce kawai da ba a wucewa, ƙasa ce kuma da ba a nutsewa. Da dare kuma ka zo ka juye ta gaba ɗaya, har da ƙari.”

Na ce ai muna azumi.

Ta ce, “Azumi yana da watansa. In ya matso ka zo, mu zauna da likita a duba ko za ka iya, a gyara maka magani. Wannan da ka yi ba azumi ba ne, ba kuma magani ba.”

Sai na buɗe mata cikina, na ba ta labarin ciyayya, da yadda ba a tsallake kwano. Ta ce, “Baba, ni dunƙulen na sani. Maƙwabtanka kai ka san su.”

Maiɗakina ce ta warware. Da yamma ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan kwanon sha mai fure a gefe, wanda duk yaranmu a cikinsa suka koyi cin tuwo. Ta sa na dunƙule hannu ta gwada, ya shiga daidai. Ta ce, “In mai saye ya zo wurinka, buhu yake cinyewa kafin ya san dawar? Ba ɗan tsakure yake yi daga kowane buhu ba? To ka tsakura daga kowane kwano ka zuba a nan. In ya cika, ka taɓa na kowa, ba ka wuce naka ba.” Daga ranar kuma kwanon gidanmu ya koma kwaɗon zogale, ko rama, ko wake, don in samu abin da zan cika ciki da shi.

Ba ƙaramin abu ba ne magidanci ya fito wurin ciyayya da kwanonsa na kansa. Da na ajiye shi a gabana sai hira ta tsaya. Dattijon unguwa ya dubi kwanon ya dube ni.

“Malam, hannunmu ne ba ka yarda da shi ba?”

Na ce, “Baba, wallahi ba haka ba ne. Idona nake nema. An ce in tuwo ya wuce cikin kwanon nan, da ido zan biya. In na ƙi ci kuma, ga shi an tsinto ni a gindin ɗorawa.”

Na sunkuyar da kai don kunya. Sai taubashina ya gyara zama ya ce, “Ku ƙyale shi, jama'a. Yaye shi ake yi. Ɗan aji ɗaya ne, ga kwanonsa ma mai fure.”

Aka fashe da dariya har da masu ƙwarewa. Dattijon ya girgiza kai, ya sa hannu a kwanon gidansa, ya gutsuro 'yar loma ya sa mini a nawa da kansa. Ya ce, “To ga na gidana. Saura ku. Kowa ya yi a hankali, kwanon yaro ne.”

Tun daga ranar na rasa 'yancina. Mutanen da da suke cewa ko loma ɗaya, su ne suka koma masu gadi. In na miƙa hannu bayan kwanon ya cika sai ka ji murya uku: “Ya cika! Ya cika!” Taubashina kuwa ya ɗauki nauyin rabon da na bari, ya ce sadaukarwa ce saboda zumunci, kuma har yau bai ƙara ko tsoka ɗaya ba. Labari ya bi hanyar da nake bi da safe. In na yi sallama sai mai gida ya leƙa zaure ya ce, “Kada a kawo koko, mai kwano ne! Ruwa kawai!” 'Yan acaɓa suka daina tsayawa, sai dai su yi hon su ce, “Alhaji, a ƙara sauri!”

Na koma karyawa kafin in fita, koko ba suga da ɗan wake ko ƙwai. Dabino yana aljihun hagu kullum, maiɗakina tana lalubawa kafin in sa takalmi. Rumbun bai sauka da gaggawa ba. Sai da damina ta zagayo na lura mazugin wandona ya yi tsawo. Allon makaranta kuma ya washe a hankali, ba tare da an canja alli ba. Likitan ido ya leƙa da fitilarsa ya ce bayan idon lafiya lau zuwa yanzu, amma in riƙa dawowa ana dubawa. Ya ba ni tabarau saboda ƙananan baƙaƙe, ya ce wannan kam shekaru ne. Na yi kuskuren faɗa wa taubashina. Har gobe yana tuna mini shi ya fara gano ciwon, kyauta.

Wuri ɗaya ya rage da ban kai kwanon ba: gidan yayata a Gwaram. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma a wurinta ƙibata ita ce shaidar ta yi aikinta. Na yi ta ɗaga tafiyar, har ta aiko cewa in ban zo ba ita za ta zo. Taubashina ya kai ni.

Tana ganina ta dafe ƙirji. “Innalillahi! Auta, me matarka ta yi maka? Ina sauranka?”

Na ce, “Yaya, lafiyata ƙalau, na fi da jin ƙarfi.”

Ta ce, “Rufe mini baki. Wuya kamar na zakara.”

Ba a jima ba ta fito da tuwon dawa, malmala uku manya, miyar kuka tana ƙamshin daddawa da man shanu. Ta ajiye a gabana ta zauna tana kallo, yadda take yi tun ina yaro. Na sa hannu a jaka na ciro ɗan kwanona.

Fuskarta ta canja. Ta ce, “A gidana? Ni da na tauna na ba ka a baki, yau ni za ka zo wa da ma'auni?”

Ban taɓa jin nauyin kwanon nan kamar ranar ba. Na ce, “Yaya, ba tuwonki na raina ba. Ciwon nan ido yake ci. In na cinye wannan yau, na cinye gobe, karatun da na samu zai tafi.”

Ta ce, “Karatun da ka tashi yi da furfura? Har wani karatu ne?” Ta nuna bangon da ke tsallaken hanya ta ƙofar zaure. “To karanta mini wancan.”

Na duba, baƙaƙen suna tsaye cak, kowane da gefensa. Na ce, “Ana niƙa da ɓarza a nan.”

Ta ce, “Wannan ko akuya ta sani, ƙarar injin ta ishe mu.”

Taubashina ya ce, “Gaskiya ne, Yaya, ba shi mai wuya.”

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da 'yar takardar da aka ƙunso mata maganin ciwon gwiwa, an yi rubutun hannu a jiki, ƙanana. Na sa tabarau. Na bi su a hankali, yadda nake bin komai.

“Ɗaya da safe, ɗaya da dare. Bayan cin abinci.”

Taubashina ya ce, “Maimaita na ƙarshen, ɗan aji ɗaya. Bayan me? Ashe a rubuce yake tun tuni.”

Yaya ba ta kula shi ba. Ta karɓi takardar ta juya ta, ta dube ta, ta dube ni. Ta ce, “Haka mai maganin ya faɗa. Kullum sai na nemi wanda zai tuna mini.” Ta sake duban takardar. “Kai ka karanta wannan, Auta? Da idonka?”

Na ce da idona.

Ta jawo hannuna ta dunƙule shi da nata hannun, ta juya shi tana kallo tana gunaguni wai hannun ma ya rame. Ta ɗauki mara ta yanko tuwo ta sa a ɗan kwanon. Ta ga kamar ya yi kaɗan, ta ƙara wani gutsure. Ta ɗago ta kalli tabarau ɗin da ke fuskata, ta daɗe tana kallo. Sai ta sa mara ta kwashe ƙarin ta jefa a gaban taubashina.

Ta ce, “Kai ci, ba ka da abin da za ka rasa.” Sannan ta juya wajen madafi ta ɗaga murya: “A tsinko rama a bayan gida, da yawa! Ganyen dai ba a ce da awo ba, ko?”